Hayaniyar Birni: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ya Edita,

Ina roƙon ka taimaka ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da na gani da idona a Abuja, wanda har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ta shafi manyan benayen nan da masu hannu da shuni suke kamawa haya ko su saya, waɗanda ake kira fulat, da irin abin da suke dubawa a bakin titi kafin su biya kuɗi. Na san wani zai ce, to kai manomi ina ruwan biri da gada? Wallahi da ruwana, domin teburin da nake ciyar da iyalina da shi a gindin irin wannan bene yake, kuma na tabbata akwai 'yan uwana da yawa masu karanta wannan shafi da suke cikin irin halin da na shiga.

Ni mutumin ƙasar Kura ne. Da damina ina noman shinkafa da masara, idan an yi girbi an kai amfani gida sai in ɗauki ɗan jarina in tafi cin rani Abuja wajen ƙanena, wanda yake aikin gadi a wani bene mai hawa 6 a yankin Wuse 2. Shekara 7 ke nan ina haka. A jikin katangar gidan na kafa tebur ina sayar da sukari, ganyen shayi, sabulu, biskit, goro, burodi da 'yar albasa. Ba ni kaɗai ba ne, mu 5 ne a wurin: da ni, da mai shayi mutumin Maraɗi, da mai tsire, da wani dattijo mai gyaran takalmi, da wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai da safe. Direbobin gidan da masu aikin gida da leburori su ne masu cinikinmu, wani lokaci har su kansu iyayen gidan sukan aiko a sayo musu.

Gidan kuwa ba a magana. Akwai na'urar da take ɗaukar mutum zuwa sama ba sai ya taka matakala ba, akwai wurin ninƙaya, akwai manyan janareto guda 2, kowane ɗaki da na'urar sanyi. Kuɗin hayar fulat ɗaya a shekara ya haura naira miliyan 20, ban da kuɗin hidima da ake karɓa daban, ban da na dillali da na lauya. Abin da mutum ɗaya yake biya don ya kwana shekara guda, da ni aka ba, da na sayi gona da shanun huɗa har na aurar da 'ya'yana mata da canjin.

Da yake ina zaune a bakin ƙofa, duk wanda dillali ya kawo ganin gida a kan idona yake wucewa. Abin da na lura da shi kuwa shi ne, mai wayo a cikinsu ba ya saurin shiga. Yana fitowa daga mota sai ya tsaya, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya kasa kunne. Uwargida kuma ita ce mai tambaya: akwai makaranta a layin nan? Motoci suna cunkushewa da safe? Ruwa yana kwanciya in an yi sama? Su wane ne waɗancan na bakin ƙofa? Ni a ganina suna da gaskiya su tambaya, ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Fenti ana sakewa, ƙofa ana canzawa, tayil in ya fashe ana ɓamɓarewa a sa wani, amma titi ba mai naɗe shi kamar tabarma ya kai wani wuri. Wanda ya kama gida a birni, ya kama har da duk abin da yake kewaye da gidan, ko ya sani ko bai sani ba. Ko mu a ƙauye ai ba wanda zai zaɓi ya gina ɗakin barcinsa jikin injin niƙa in dai yana da wani fili, kuma tun zamanin kakanni ana ware wa majema da mahauta nasu gefen saboda wari. Mutumin da ya fitar da miliyoyi yana da hakkin ya yi barci.

Inda muka raba hanya da su shi ne wajen gane mene ne hayaniyar. Bari in ba ku labari.

Bara waccan wani fulat a hawa na 4 ya yi wata da watanni ba kowa. Dillali ya kawo mutum ya fi 10, kowa sai ya duba ya ce zai yi shawara, shi ke nan ba a sake ganinsa. Da mai gida ya matsa masa lamba, sai dillalin nan ya ce ai laifin masu teburin bakin ƙofa ne, wai mun mai da wurin kamar tasha, manyan mutane ba sa son ganin haka. Ba a kira mu an yi mana magana ba, ba a ba mu wa'adi ba. Wata safiya ina cikin jera kaya sai ga mota da ma'aikata, kafin in ce me ke faruwa an loda teburina da kwalayena, an kife tukunyar mai shayi, an watsar da garwashin mai tsire. Baiwar Allahn nan mai ƙosai, man da ta ciwo bashi ranar a ƙasa ya ƙare, tana kuka tana tattara kasko. Ni dai sai da na yi kwana 4 ina zarya, na biya abin da na biya, sannan aka ba ni rabin kayana, sauran kuwa sai dai a lahira.

Bayan mako 2 sai dillali ya zo da wani Alhaji, mutumin kirki ne wallahi, ba ni da abin faɗi a kansa. Ranar Talata ce da misalin ƙarfe 11 na safe. Layi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, yara suna makaranta, ma'aikata suna ofis, ga wutar lantarki akwai, ba janareton da yake aiki. Alhaji ya hau sama ya leƙa ta taga ya ga itatuwa, ya ce Alhamdu lillahi, irin wurin da yake nema ke nan, domin zai ɗauko mahaifiyarsa mai fama da hawan jini. Nan take ya biya shekara guda.

Daren Juma'ar farko da suka tare, ƙarfe 2 na dare ƙanena ya ji ana ƙwanƙwasa ɗakin gadi. Yana buɗewa sai ga Alhaji da jallabiya, ido ya yi ja. Ya ce, "Malam, wai haka ake yi kullum a nan?" Ƙanena ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yau da sauƙi, sai ma gobe Asabar." Abin da dillali bai faɗa ba shi ne, a bayan gidan akwai wani lambun shaƙatawa da ake sakin kiɗa tun daga ƙarfe 10 na dare har kusan kiran assalatu, irin kiɗan nan da ba a kunne kawai ake jinsa ba, har a ƙirji, gilashin taga yana rawa. A ƙarshen layin kuma akwai babban ɗakin taron biki, daga Juma'a zuwa Lahadi ba hutu, motocin 'yan biki su tare ƙofar gida, direbobi su yi ta danna ham. Ga kuma janareton benen da yake maƙwabtaka, wanda aka dasa daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Hajiya tsohuwa, da an ɗauke wuta sai ya tashi kamar tirela tana hawan tudu, hayaƙin gas yana shiga har cikin labule. Alhaji ya ce, "To me ya sa ba ka gaya mini ba ranar da na zo?" Ƙanena ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ka tambaye ni ba. Abin da ka tambaye ni shi ne ko masu teburin nan za su dawo."

To jama'a, don Allah ku yi mana alƙalanci. Tsakanin cokalin mai shayi da yake kaɗa madara a kofi da lasifikar da ake ɗaukowa a mota, wanne ne yake hana tsohuwa barci? Mai gyaran takalmi da allurarsa wace ƙara yake yi? Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Mai lambun kiɗa yana da kuɗi yana da mutane, mai ɗakin biki haka, mai janareto kuwa ɗan uwansu ne mai bene. Wanda ba shi da kowa sai Allah shi aka ɗora wa laifi, don shi ne mai sauƙin kora. Abin da ido ya ƙi gani aka kora, abin da yake damun kunne yana nan daram.

Bugu da ƙari, akwai wani amfani da muke yi wa layin wanda ba a gane ba sai da muka tashi. Mai shayi ba ya rufewa sai ƙarfe 1 na dare, kuma kafin asuba ya dawo ya hura wuta. Ya san fuskar kowa a layin, ya san motar kowa, baƙo in ya tsaya yana leƙe-leƙe shi ne farkon mai yi masa sannu da zuwa, kuma ɓarawo ba abin da ya ƙi kamar a yi masa sannu. Da aka watse, layin ya zama kufai da dare. Ba a yi wata 2 ba aka cire batiran motoci 3 da aka ajiye a waje, aka ɗauke murfin ƙarfe na magudanar ruwa har wani mai mota ya afka ramin. Masu aikin gida kuwa sai sun yi tafiya mai nisa kafin su sami burodi.

Wannan ɗabi'a ba yau aka fara ba. A watan Yuli na 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka rushe unguwar Maroko ta Legas, aka raba mutum wajen 300,000 da muhallinsu, yau wurin ya koma unguwar manyan gidaje da talaka sai dai ya shiga a matsayin mai gadi ko mai wanki. Abuja kuma tun da gwamnati ta tare a cikinta a watan Disamba na 1991, ana ta tura ƙaramin mutum baya, Nyanya, Mararraba, Kubwa, Zuba, ya kwana can ya yi sammako ya shigo yi wa manya aiki. A 2006, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, aka hana acaɓa a tsakiyar birnin. To acaɓa ta tafi, amma wanda ya kwana a Wuse 2 daren Asabar ya zo ya gaya mini ko birnin ya yi shiru. Jiniyar manya kaɗai ta isa ta tashi jariri.

Kuma ba wai babu doka ba ne. Tun 2009 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'ida a kan hayaniya a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, wadda ta bambanta ƙarar da aka yarda da ita da rana da wadda aka yarda da ita da dare a unguwar da mutane suke kwana. A 2016 ma gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallaci 20 da wasu otal-otal saboda ƙarar lasifika. Ko mutum ya yarda da abin da suka yi ko bai yarda ba, su dai sun bi ƙarar har inda take fitowa, ba su tsaya kan mai ƙosai ba.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai niyyar kama irin wannan gida, musamman 'ya'yanmu na karkara da Allah ya buɗa wa suka shiga birni, don na san iyayensu suna karanta wannan jarida ko ana karanta musu. Kada ka yi cinikin biri a sama. Mu manoma ba ma sayen gona da rani sai mun ga yadda ruwa yake bi ta cikinta da damina, domin filin da ka gani shimfiɗe a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta. Gidan birni ma haka yake, yana da raninsa yana da daminarsa. Dillali zai kai ka ranar Talata da hantsi, don ya san lokacin da gari yake barci ke nan. Kai kuma ka koma da ƙafarka ba tare da shi ba, daren Juma'a ko Asabar bayan ƙarfe 12, ka kashe mota ka sauke gilashi ka zauna minti 30. Ka sake komawa safiyar Litinin ƙarfe 7 ka ga ko za ka iya fitar da mota daga layin. In da hali ka je ranar da aka tafka ruwa.

Idan an shiga da kai ciki, kada kyan fitilu da madubai su ɗauke maka hankali. Ka wuce ɗakin barci, ka sa a kashe na'urar sanyi, don ƙararta tana rufe ta waje, ka buɗe taga, sannan ka ce a tayar da janareton gidan ka ji. Ka leƙa ka ga inda na maƙwabta yake. Ka tambayi awa nawa ake samun wuta a layin, domin tun watan Afrilu na 2024 da aka tsawwala kuɗin wuta ga layukan da ake kira Band A, an ce za a riƙa ba su awa 20 a rana, kuma duk awar da babu wuta awa ce ta janareto. Wasu suna zaton hawa na sama ya fi shiru. Ya fi nisa da surutun bakin ƙofa, gaskiya ne, amma kiɗan nesa shi yake fara samu, don ba katangar da ta tare shi. Duk wanda ya taɓa hawa kan rumbu ko bishiyar kuka da dare ya san daga can ake jin kalangun ƙauyen gaba, alhali na ƙasa bai ji komai ba.

Haka kuma in ka ga fili ko kango kusa da gidan, kada ka ce madalla ga iska. Ka bincika me za a gina. Watakila shekara 2 za ka yi kana karin kumallo da ƙarar injin kwaɓa siminti, in an gama kuma ya zama gidan rawa. Masu son gefen duwatsu irin su Maitama da Katampe su tuna da Mpape da ake fasa dutse da nakiya, inda a watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi ta motsi har hukuma ta dakatar da fasa dutsen na wani lokaci. Duk wannan kuwa ba ka buƙatar lauya ya gaya maka. Ka zauna kan bencin mai shayin layin, ka sayi kofi ɗaya, ka gaishe shi da mutunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dillali kashi 10 cikin 100 yake nema, mai shayi kuwa ba abin da zai ci in ya yi maka ƙarya. Amma fa sai in an bar mai shayin a wurin.

Ba zan rufe ba sai na juyo kanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasunmu 'yan tireda ba su da tsafta ko kaɗan. Mutum ya gama ciniki ya tura leda da ɓawon lemo cikin kwata, ya juya ya yi fitsari jikin katangar da take ba shi inuwa. Wani ya tayar da ɗan ƙaramin janareto na cajin waya tun safe har dare. Masu tallan maganin gargajiya da lasifika a kan mota kuwa, abin da suke faɗa ko a gaban sa'anka ba ka iya maimaitawa, balle a ƙofar gidan mutum da 'ya'yansa. Har ila yau, kiran salla daban, wannan ba musulmin da zai ce ya dame shi, amma a saki kaset a lasifikar waje har tsakar dare alhali akwai marar lafiya da mai jego a maƙwabta, malamanmu da kansu suna hana wannan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In muka share wurinmu, muka tanadi buhun zuba shara, muka naɗa babba a cikinmu da zai riƙa magana da masu gida, mun rage wa dillali abin faɗa.

Akwai kuma 'yan uwana manoma na gefen birane, kamar Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu, da ake ta sayen gonakinsu ana yanka fuloti ana gina rukunin gidaje. Ku sani ranar da masu gidajen suka tare, injin niƙanku da awakinku da 'yar kasuwarku ta yamma su ne za su zama hayaniya, ko da kuwa kun riga su zama a wurin da shekara 100. Tun kafin ku sa hannu, ku je da mai unguwa da dagaci a fitar da filin kasuwa da burtali da maƙabarta, a rubuta a takarda, kowa ya riƙe kwafi. Maganar baki ba ta tsayawa gaban katafila.

A nan nake kira ga hukumomin da suke ba da izinin gini, a Abuja da Kano da Kaduna da sauran birane, da su dubi Allah su riƙa ware ɗan lungu a kowane layi na manyan gidaje domin masu ƙaramar sana'a, a ba kowane tebur lamba, a karɓi haraji da rasit, a sa lokacin tashi. Dama ai muna biyan tikiti kullum, sai dai ba mu san aljihun da yake shiga ba. Sannan kafin a ba mutum izinin buɗe gidan kiɗa ko ɗakin biki, a je a ƙirga tagogin ɗakunan barci nawa ne suke kallon wurin.

Shi dai Alhaji wata 3 ya yi ya mai da Hajiya tsohuwa Kano, shekara na cika ya kwashe kayansa. Mai shayi ya koma Maraɗi, dattijo mai takalmi ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ni na koma layi na 3 daga wurin, cinikin bai kai rabin na da ba, har takin zamani da nakan sayi buhu 6 bara buhu 3 na iya saya, kuma gonar ta nuna. Fulat ɗin hawa na 4 yana nan a rufe, ga bakin ƙofa fes ba tebur ko ɗaya. Kwanakin baya dillalin ya tsaya wajena sayen goro, yana ta ƙorafi wai ya rasa abin da yake korar masa mutane. Na ce ya zo daren Asabar ƙarfe 2 ya same ni a ɗakin gadi, zan nuna masa kyauta. Har na taho gida sharar gona bai zo ba.



Daga mai karatunku a kullum,
Ƙaramar Hukumar Kura,
Jihar Kano.